Wanda bai yarda da lahira ba, me yake nufi in ya ce mamaci ya huta lafiya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 12 ke nan da Allah ya yi wa mahaifina rasuwa a Kano, ni kuwa ina nan Jamus, a birnin Leipzig. Da hantsi ya cika, kafin La'asar an kai shi makwancinsa. Abin da na samu na jana'izarsa shi ne ƙanena ya kira ni ya ɗaga waya sama, na ji kabbarori huɗu daga nesa, ina tsaye a bayan ma'aikatarmu cikin sanyi.

Washegari wani dattijo da muke aiki tare ya same ni. A tsohuwar Jamus ta Gabas ya tashi, zamanin gurguzu, kuma ya sha gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa bai yarda akwai Allah ba, bai yarda da tashin ƙiyama ba. A wurinsa mutuwa kamar fitila ce da mai ya ƙare. Ya dafa kafaɗata ya ce da harshensu, "Ya huta cikin salama." Na ga idonsa ya kawo ruwa.

Tun ranar nake juya maganar a raina. Ni in na ce Allah ya jiƙan Baba, na san wanda nake roƙo, na san abin da nake roƙa. Shi fa? Wa zai huta, tunda a ganinsa babu kowa a can? Me ya sa mai addini da marar addini duk bakinsu ke zuwa ɗaya in an yi mutuwa? Ku taimake ni da abin da kuka sani.

Uwar Biyu: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri, ƙanena? Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku juriyar rashinsa.

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makoma. Rashin uba a baƙon wuri ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗan Fagge: Haƙuri da godiya. Amin, Allah ya ba da lada.

Gaskiya Ɗaci: Allah ya jiƙansa. Amma ɗan'uwa, ina ganin kana neman zurfi a inda babu. Sabon baki ne kawai. In an ce maka ina kwana, ai lafiya lau za ka ce ko da zazzaɓi ka kwana. Haka Bature yake rubuta RIP bai ma san me haruffan suke nufi ba. Dattijon nan ya ga kana cikin baƙin ciki, ya ɗauko abin da ake faɗa a garinsu ya faɗa. Shi ke nan.

Tsohon Malamin Tarihi: Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri. Bari in fara da haruffan da Gaskiya Ɗaci ya kawo. Da yawa suna zaton Turanci ne asalinsu. Latin ne, "requiescat in pace", kuma sigar addu'a ce, ma'ana a ba shi hutu cikin salama. Daga addu'o'in cocin Katolika na jana'iza ta fito. Kafin ita ma, Kiristocin farko da ke binne matattunsu a ramukan ƙarƙashin birnin Rum suna rubuta "in pace" a jikin kabari. Kalmar da Turawan Ingila da Faransa ke kiran maƙabarta da ita daga Girkanci take, ma'anarta wurin kwana.

Amma fatan alheri ga mamaci ya girmi coci. Rumawa masu bautar gumaka suna sassaƙa haruffa huɗu a kan duwatsun kabari, STTL, wato ƙasa ta yi maka sauƙi, kada ta danne ka. Yahudawa in sun ambaci mamaci suna cewa "alaw hashalom", wanda duk mai jin Larabci zai gane ɗan'uwan "alaihis salam" ne. Don haka abokin aikinka gado ya ci. Kakanninsa sun bar masa kalmar, ya ajiye imanin da ke bayanta, amma kalmar ta ƙi barin bakinsa.

Ɗan Damagaram: Baba Malam, wannan ta Rumawa har gobe tana raye a wajenmu. Duk sanarwar rasuwa da za ka gani da Faransanci a Nijar, da wuya ta ƙare ba a ce "que la terre lui soit légère" ba, wato ƙasa ta yi masa sauƙi, ko "paix à son âme", wato salama ga ransa. Lokacin da tsohon shugaba Tandja Mamadou ya rasu a watan Nuwamba 2020, aka kai shi Maine Soroa, haka 'yan boko suka yi ta rubutawa, kuma Musulmi ne masu salla. Sai su haɗa da Allah ya jiƙan Baba Tandja a layi na gaba. Ni kaina na daɗe ina faɗar ta ban san daga masu bautar gumaka ta taso ba.

Malam Na Zaure: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya tabbatar da shi wajen tambaya. Ina so mu raba abubuwa biyu kada su cakuɗe mana.

A Musulunci, addu'a ga mamaci aiki ce da muka yi imani tana isa gare shi. Sallar jana'iza kanta ba ruku'u ba sujada, addu'a ce tsantsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in an gama binne mutum yakan tsaya ya ce ku nema wa ɗan'uwanku gafara, ku roƙa masa tabbata, domin yanzu ake tambayarsa. Abu Dawud ya ruwaito wannan. A Sahihu Muslim kuma an ce in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kai ne na ukun nan, ko kana Leipzig ko kana Fagge, nisa ba ya rage komai.

Salama kuwa Alƙur'ani da kansa ya haɗa ta da mutuwa. A Suratu Maryam aya ta 15 Allah ya ce game da Annabi Yahaya, aminci ya tabbata a gare shi ranar da aka haife shi, da ranar da zai mutu, da ranar da za a tashe shi. In mun shiga maƙabarta ma sallama muke yi wa mazauna cikinta, mu ce in Allah ya so muna nan tafe. Ka lura da Hausarmu: marigayi. Wanda ya riga mu. Kalmar kanta tana cewa hanya ɗaya ce, shi dai ya yi gaba.

Shi kuma abokin aikinka, abin da ya faɗa ba addu'a ba ce a ma'anarmu, tunda bai fuskanci kowa da ita ba. Amma ta'aziyya ce, kuma kyautatawa ce. Ka karɓa, ka gode masa.

Uwar Biyu: Gaskiya Ɗaci, ka yi haƙuri, ban yarda sabon baki ba ne kawai. Zan faɗi abin da na gani da idona.

Maigidana ya yi shekara biyu da rabi yana fama da ciwon ƙoda. Sau biyu a mako muna zuwa wankin ƙoda. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, ruwan sha ma da ƙaramin kofi nake auna masa. Da dare ba ya iya kwanciya sai a jingine, na jera masa filo uku. Ranar da ya cika, bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, aka kira ni in yi masa kallon ƙarshe. Wallahi fuskarsa ta saki. Duk tamƙewar nan ta goshi da na saba gani ta tafi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sannu Malam, Allah ya sa ka huta." Ban shirya ta ba, ban kuma koya daga wani littafi ba.

Likitar da ta riƙa duba shi ba Musulma ba ce, kuma ban taɓa tambayarta me ta yi imani da shi ba. Ta zo har gida ranar uku, ta zauna a tabarma cikin mata, ta ce, "Ya sha wahala, yanzu ya huta." Ita ta ga abin da na gani. Wanda ya yi jinya ya san cewa hutu ba kalmar banza ba ce. Ko mutum bai yarda da lahira ba, ya yarda da ciwo, ya kuma ga ranar da ciwon ya daina. Wata huɗu da kwana goma na takaba, wannan kalmar ce ta riƙe ni.

Gaskiya Ɗaci: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Ban yi nufin raina irin wannan ba.

'Yar Kagoro: Sannu da rashi, ɗan'uwa. Allah ya ta'azantar da ku. Ina so in ƙara wani abu, domin mutane suna ɗauka duk Kirista ra'ayinsu ɗaya a nan. A cocin ECWA na tashi, kuma a can ba a koya mana yin addu'a domin matattu ba. Koyarwar ita ce da zarar mutum ya mutu lamarinsa ya riga ya tabbata, addu'a sai dai domin waɗanda ya bari. Abin da za ka ji a bakinmu shi ne ya tafi gida, ko ya yi barci cikin Ubangiji, ko sai mun sadu. Fasto yakan karanta Wahayin Yahaya 14:13, inda aka ce waɗanda suka mutu cikin Ubangiji za su huta daga wahalarsu. Wato muna shaida hutun ne, ba roƙonsa muke yi ba.

Da na yi aure gidan 'yan Katolika sai na tarar da wani abu daban. Suna ba da sunan mamaci a yi masa Mas, wato babbar ibadarsu ta coci, kuma kowace 2 ga Nuwamba rana ce ta addu'a domin dukan matattu. Surukata ba ta taɓa fashin ranar ba. Wannan saɓanin tsoho ne, tun zamanin da Martin Luther ya yi wa cocin Rum bore a 1517. Amma ka san wani abu? Ranar da mahaifiyata ta rasu, dangin ECWA da dangin Katolika da maƙwabtanmu Musulmi duk suna tsakar gida ɗaya, kuma da Hausa kowa "Allah ya jiƙanta" yake cewa. Ba wanda ya tsaya tantance tauhidin kalmar.

Ɗan Zangon Kumasi: A nan wajenmu Asante suna cewa "da yie", wato kwana lafiya, kamar yadda za ka ce wa yaro in zai shiga ɗaki. Yarbawa ma "sun re o" suke cewa, ma'ana ɗaya. Su Asante jana'izarsu ranar Asabar ce galibi, da jan zane da baƙi, gawa ta yi makonni a ajiye, mu kuwa na zango mu binne a yini. Amma in maƙwabcinka Ba'asante ya zo maka gaisuwa, ka fassara abin da ya ce, sai ka ga bai wuce Allah ya sa mutuwa hutu ce ba.

Tsofaffinmu kuma suna da wata fassarar da ba a cika faɗa ba: tsoro. Wa bai ji labarin fatalwa ba yana yaro? Mamacin da bai kwanta ba shi ake tsoron ya dawo. In ka ce masa ya huta, kamar kana ce masa ya zauna can, mu ma mu samu barci a nan.

Tsohon Malamin Tarihi: Wannan gaskiya ne, kuma ba mu kaɗai ba ne. Ga wani misali ga mai tambaya. Tarayyar Sobiyat ta yi shekara kusan 70 tana yaƙi da addini, amma ba ta iya barin bakin kabari shiru ba. 'Yan jam'iyyar gurguzu suna tsayawa su ce ƙasa ta zame maka laushi kamar gashin tsuntsu, wadda ita ce dai tsohuwar maganar Rumawa. Shirun minti biyu da Ingila ta fara ranar 11 ga Nuwamba 1919 domin matattun Yaƙin Duniya na Ɗaya shi ma haka ne: an samar da fili wanda mai addu'a zai yi addu'arsa a zuci, marar addu'a kuma ya sunkuyar da kai, ba wanda ya fita daga sahu. Masanin kimiyyar nan Stephen Hawking ya faɗa a fili cewa bai yarda da Allah ba. Da ya mutu a 2018, a cocin Westminster aka binne tokarsa, kusa da kaburburan manyan masana kimiyya Newton da Darwin.

Gaskiya Ɗaci: To na ji, na janye rabin maganata. Amma ga inda abin ke ci mini rai. Mutum ya yi mulki, talaka ya sha wuya a hannunsa, ranar da ya mutu sai kowa ya koma Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Kun ga abin da ya faru da Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura. Wasu na kuka, wasu na rubuta ba mu yafe ba, aka yi ta zage-zage kwana da kwanaki. Wanda aka kashe masa ɗa a hanyar Birnin Gwari ko aka kore shi daga ƙauyensa a Zamfara, dole ne sai ya yi wa shugaban lokacin fatan salama? In bai yi ba a ce ba shi da tarbiyya?

Ɗan Damagaram: Ɗan'uwa, a bar siyasa a nan. Mutum na cikin makoki.

Mai Unguwa: Tambayar tana cikin batun, amma a tsaya a kan ƙa'ida. Duk wanda ya zagi wani, mai rai ko mamaci, zan goge.

Malam Na Zaure: Tambaya ce mai kyau, kuma ba sabuwa ba ce. Buhari mai hadisi, ba shugaban ƙasa ba, ya ruwaito cewa kada ku zagi matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Ka duba dalilin da aka bayar. Ba a ce don su mutanen kirki ba ne. An ce shari'arsu ta koma kotun da ta fi taka. A wani hadisin kuma an wuce da gawa mutane suka yabe ta, Annabi ya ce ta tabbata, wato Aljanna. Aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata, wato wuta, ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Don haka ba a ce ka yi ƙarya ka kira azzalumi adali ba. Wanda aka zalunta kuma haƙƙinsa na nan, ba mai tilasta masa yafewa. In ya yafe ya samu lada, in ya yi shiru ya bar wa Allah, bai yi laifi ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Ku tuna abin da ake yi a ƙofar gida kafin a ta da kabbara. Wani daga dangi ya miƙe ya ce, jama'a, duk wanda ke bin marigayi bashi ya zo ya same mu, wanda kuma ya saɓa wa, don Allah ya yafe masa. Sai ka ji sahu ya amsa, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. An taɓa kawo gawa Annabi ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Wato wani ɓangare na hutun mamaci a hannun masu rai yake. In ka ce ya huta, kana cewa ni dai ta wajena na sake ka, ba na bin ka komai. Wannan kuwa ko wanda bai yarda da lahira ba yana iya faɗarsa da gaske, domin shi ma yana da abin da zai saki.

'Yar Kagoro: Malam, in tambaya da girmamawa. In ni na mutu, maƙwabciyata Musulma za ta iya cewa Allah ya jiƙaina?

Malam Na Zaure: Ba zan ɓoye miki ba, 'yar'uwa. Malamai sun dogara da Suratut Tauba aya ta 113 suka ce ba a nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara. Amma zuwa gaisuwa, da zama da iyalinki, da kai abinci, da ce musu Allah ya ba ku haƙuri, da faɗar alherin da aka sani game da ke, malamai da yawa sun halatta, haƙƙin maƙwabtaka ne. An wuce da gawar Bayahude Annabi ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai Bayahude ne, ya ce, ashe ba rai ba ne? Yana cikin Buhari da Muslim.

'Yar Kagoro: Na gode da ka faɗa mini yadda yake. Mu ma a cocin da na tashi ba za su roƙa mini gafara ba bayan na tafi, don haka ban ji zafi ba. In ta zo ta zauna da 'ya'yana, ya ishe ni.

Ɗan Fagge: Na gode muku duka, na karanta kowane layi. Yau a lokacin hutun rana na yi ƙarfin hali na tambayi dattijon da kansa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce bai canza ra'ayi ba, bai yarda akwai mai jin sa ba. Amma matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, kuma kowace Lahadi yana zuwa kabarinta da butar ban ruwa, ya shayar da furannin da ya shuka, ya cire ciyawa, ya ba ta labarin jikokinsu. Na ce to wa kake ba labarin? Ya ce bai sani ba, abin da ya sani shi ne shekara 41 yana ce mata ta kwana lafiya kowane dare, bakinsa bai iya dainawa ba. Ya ce da ya ga fuskata ranar nan, ya san ba shi da abin da zai ba ni, kuma bai iya wucewa hannu rabbana ba.

Ya kuma gaya mini wani abu da ban sani ba. A nan Jamus hayar kabari ake yi na shekara 20 ko fiye, kuma sunan da doka ta ba wannan wa'adin shi ne lokacin hutu. A cikinsa ba mai taɓa kabarin.

Malam, ina da wata tambayar. Ɗazu ƙanena ya kira ni. Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari ya zo gida da kuɗi a leda, ya ce Baba ya ranta masa tun shekara huɗu, ba takarda ba shaida, mu kuma ba wanda ya sani. Ya ce tun ranar jana'iza bai yi barcin kirki ba. Muna tunanin mu haƙa rijiya da kuɗin da sunan Baba. Ya halatta?

Malam Na Zaure: Allah ya saka wa wannan bawan nasa da alheri. Kuɗin sun shiga cikin gado, ba naka ba ne kai da ƙanenka kaɗai. A fara biyan bashin da ake bin Baba in akwai, sannan wasiyyarsa in ya bari, matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sannan a raba. Duk baligin da ya yarda ya ba da rabonsa a yi rijiya, ya bayar, ladan zai isa gare shi in Allah ya so. Amma kada a taɓa rabon ƙananan yara, kuma a tambayi iyayenku mata kowace ita kaɗai, ba a gaban taro ba, don kada kunya ta sa ta amsa abin da ba ta so.

Ɗan Fagge: To Malam, Allah ya ƙara ilimi. Akwai ƙannena biyu da ba su balaga ba, za mu ware nasu. Zan kira Hajiya bayan Isha'i in ji ta bakinta.

Uwar Biyu: In ka kira ta kada ka fara da maganar kuɗi. Ka tambaye ta ko ta ci abinci.